Turbo na cika a ƙasa amma yana saki in inji ya yi sama

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka, kace Golf 4 ce gareka mai injin 1.8T, an taɓa maka kwamfutarta an ƙara mata wuta, ka sa buɗaɗɗiyar filta irin mai tsinin nan, ka canza salansa, to yanzu in ka taka daga wajen juyi 3000 allurar gejin bust, wato matsin iskar da turbo ke turawa cikin inji, na hawa har bar 1.3, amma da inji ya haura 5000 sai ta riƙa dawowa baya har ta sauka wajen 0.7 motar ta yi sanyi, kuma wani ya ce maka turbo ne ya mutu ka je Ƙofar Ruwa a Kano ka sayo wani.

Dan Allah kar ka saya tukuna. Turbon da ya mutu murus da wuya ya baka 1.3 a ko'ina, tunda yana iya cikawa a 3000 to fankokinshi na juyawa kuma suna tura iska. Abin da ya rage shine a gano mi ke hana shi riƙe matsin in inji ya buɗe baki sosai, kuma yawancin abubuwan dake jawo haka kuɗinsu bai kai rabin kuɗin turbo ba, wasu ma kilif ne kawai za'a ɗaure.

Amma bari mu fara da lissafi, don wani ɓangare na saukar nan da kake gani ba lalacewa bace sam. Injinka lita 1.8 ne, kuma sai ya juya sau 2 yake shaƙar lita 1.8 ɗin nan. A juyi 3000 a minti yana shaƙar kusan lita 2700 kenan, a 6000 kuma lita 5400. In kana son bust na bar 1 sai turbo ya ɗebo ninkin wannan daga waje ya danna, wato wajen lita 5400 a juyi 3000, sama da lita 10000 a juyi 6000. Turbon dake jikin motarka K03 ne, ɗan ƙarami, da gangan kamfani ya zaɓe shi ƙarami don ya tashi da wuri mota ta yi ƙarfi tun daga ƙasa, an yi shi ne don bust na wajen bar 0.6 a injin mai doki 150, wajen 0.8 a mai doki 180. Kamar zuga-zugin maƙeri ne, ƙaramin zuga-zugi zai hura ƙaramar wuta ta yi jawur, amma in ka ƙara gawayi ninki biyu duk saurin hannunka iskar bata isa. Shi yasa K03 da aka ƙara wa wuta zai iya harbawa 1.3 ko 1.4 a tsakiya, amma kafin a kai jan layi zai sauko wajen bar 1 ko ƙasa kaɗan, kuma wanda ya san aikinshi wajen rubuta fayil ɗin da ake zuba wa kwamfutar mota da kanshi yake sauko da bust ɗin a sama don kar sandar turbo ta wuce gudun da zata iya, abu ne dake juya sama da sau 150000 a minti. Da ace kace min daga 1.3 take saukowa 1.0 kuma motar na ci gaba da ja, da sai ince lafiyarta lau ka sha zamanka. Amma 0.7 ya yi ƙasa, ga shi kace kana jin ta yi sanyi a jikinka, to akwai abin nema.

Tambaya ɗaya ce zata raba maka hanya biyu, kuma ita nake so ka amsa kafin ka kwance ko noti ɗaya: shin kwamfutar ce da kanta ta rage abin da take nema, ko kuwa tana nema turbo ya kasa kawowa? Gejin da ka liƙa a dashbod ba zai gaya maka wannan ba, shi abin da aka samu kawai yake nunawa. Sai an jona na'ura. In ka samu mai VCDS, manhajar duba motocin Volkswagen, a laftof shine daidai, a buɗe bulok 115, nan zaka ga matsin da kwamfuta ta nema da wanda ta samu gefe da gefe, bulok 118 zai nuna zafin iskar dake shiga inji da kuma kashi nawa cikin 100 take kunna bawul ɗin N75, shine ɗan bawul na lantarki mai tiyo uku dake sarrafa wesget, ƙofar dake sakin hayaƙi don rage gudun turbo, sannan bulok 020 zai nuna digiri nawa take janye taimin, wato lokacin da fulogi ke bada wuta, a kowace silinda. Ka duba lambar injin tukuna, in AUM ne ko AUQ ko AWP na Amurka, masu totur na lantarki, duk wannan zai yi aiki. In kuwa AGU ne mai totur na waya, shi bashi da sensar matsi, sai a haɗa da geji da kuma karatun sensar iska, mai auna iskar dake shiga inji.

Wani abu da ke ruɗa mutane, lambar da na'ura ke nunawa ta haɗa da nauyin iskar duniya. Katsina na saman teku da wajen mita 500, iskarmu na wajen miliba 950, to in ka ga 2250 a allo sai ka cire 950, bust ɗinka 1.3 kenan. Kar ka ga 2250 ka ɗauka motarka na yin bar 2.

Gwajin kuma a giya ta 3 ake yi, ka sauko wajen juyi 2000 ka taka totur har ƙasa ka riƙe zuwa 6000, wani na gefe riƙe da laftof yana naɗa, kai idonka na kan titi. Ka sani a giya ta 3 kafin ka kai 6000 ka wuce gudun kilomita 120, saboda haka wannan ba aikin cikin gari bane, ba na Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Kwaya ba inda babura da Keke ke fitowa ta ko'ina. Ka fita inda titi ya miƙe kana hangen nesa, kamar wasu wurare a hanyar Daura, ba ranar kasuwa ba, ka kula da shanu da yara, ka tabbata birki da tayoyinka lafiya suke. Kuma ka yi shi sau biyu, ɗaya da sanyin safiya ɗaya da rana tsaka bayan motar ta yi zafi, don bambancin dake tsakaninsu ma amsa ce.

To mu ɗauka layin abin da aka nema da na abin da aka samu tare suke saukowa. Wannan na nufin turbo biyayya yake, kwamfuta ce tace a rage. Ko dai haka aka rubuta fayil ɗin, ko kuma tana kare injin ne, kuma a garin nan na biyun nafi zargi. Yawancin fayilolin da ake zuba wa motocinmu daga intanet aka sauko dasu, an rubuta su ne don Jamus ko Ingila, inda ake shan fetur mai oktan 98 kuma iskar waje bata cika wuce digiri 20 zuwa 25 ba. Mu kuwa fetur ɗinmu bai kai nan ba ko a gidan mai na kirki, balle in ka saba tsayawa wajen 'yan bumburutu, wanda baka san mi ke cikin galan ɗin ba. Sannan a watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40. Iska mai digiri 40 ta fi ta digiri 20 rashin nauyi da wajen kashi 6 cikin 100, ga tsayin ƙasa ya rage mata wani abu, turbo sai ya ƙara gudu kafin ya kawo abin da zai kawo a Legas cikin sauƙi, kuma duk iskar da aka matsa zafi take, a irin wannan matsin tana fitowa daga turbo sama da digiri 130. Mai sanyaya ta kuma, intakula, a Golf 4 ɗan mitsitsi ne a kusurwar bamba gefen mai zaman banza, gaban taya, inda laka da ƙura da leda ke taruwa. Taka ɗaya zai jure, ta biyu da ta uku ya riga ya ɗau zafi. Ita kuma buɗaɗɗiyar filtar da ka sa, in a cikin bonet take ba tare da an kare ta ba, iskar da ta fito daga lagireto take zuƙa, ka ƙara ƙara ka rage ƙarfi.

Iska mai zafi da fetur mai rauni in suka haɗu a silinda, man na kamawa da kanshi kafin wutar fulogi ta gama bin shi, sensa ta ji ƙyas-ƙyas ɗin, kwamfuta ta fara janye taimin, in abin ya ci gaba ta rage bust gaba ɗaya. A bulok 020 in kana ganin 2 ko 3 ba komai, in yana haura 6 a duk silindoji to injin na shan wahala. Alamar wannan matsala a fili take, da asuba motar kamar zata tashi sama, da azahar kuma ta mutu murus. Maganinta a wanke intakula ciki da waje, a maido akwatin filta na asali ko a kare wadda ka sa, a riƙa shan mai a wuri ɗaya da ka yarda dashi, in da hali a sa babban intakula a gaba, sannan a koma wajen wanda ya zuba fayil ya rage taimin da bust daidai da manmu. Ni a ganina fayil mai bar 1.1 da zai riƙe daga safe har dare ya fi mai 1.4 da kwamfuta zata riƙa yanka shi kullum, kuma fistin ɗinka zasu daɗe.

Hanya ta biyu, kwamfuta na neman misali 2100, ana samun 1650, kuma N75 ya haura kashi 90, wato ta rufe wesget iyakar ƙarfinta amma shiru. Wani lokaci zaka ga lambar P0299 ko 17964 ko 17705. Nan kam ƙarfe da roba za'a bi.

Na farko yoyon iska. Motar nan ta haura shekara 20, tiyoyinta sun sha zafi sun sha baƙin mai, an yi su ne don 0.6 kai kuma ka ninka musu. Tsagewar da bata buɗewa a silo tana buɗewa in matsi ya hau, shi yasa duba da ido baya isa. A cire sensar iska, a toshe bakin tiyon dake shiga turbo da murfi mai kan bawul ɗin taya, a toshe tiyon numfashin inji ko a buɗe murfin zuba baƙin mai don kar iskar ta je ta ture sil, sai a ɗura iska da kwamfuresa a hankali, ko ta mai faci zata yi in akwai geji, kar a wuce bar 1. Inji a kashe. Sai ka kasa kunne, ka bi duk mahaɗa da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne. Wuraren da suka fi yi sune tiyon da ya fito daga turbo, bututun ƙasa kusa da taya, gefen intakula inda roba ta haɗu da alminiyam, tiyon totur, da tarin ƙananan tiyoyin dake ƙarƙashin manifol. Mota mai yoyo bayan turbo tana shan mai da yawa, tana ɗan baƙin hayaƙi in an taka, don kwamfuta ta auna iska ta zuba mata mai amma iskar ta gudu a hanya, a bulok 032 lamba ta biyu zata karkata ƙasa da sifili.

Sai bawul ɗin dake maida iska baya in ka ɗaga ƙafa daga totur. Na asali roba ce a cikinshi, tana yagewa, in ta yage ko sifirin ya yi laushi sai ya riƙa buɗewa kana cikin taka, iskar ta riƙa zagayawa tana komawa bakin turbo. Shi wannan ruwan sabulu ba lallai ya kama shi ba tunda ciki yake zubarwa. Cire shi, tura fistin ɗin da yatsa, toshe ɗan bakin sama, ka saki, in ya dawo nan take to ya mutu. Kuma halan ka sa irin mai fesar da iska waje don ƙarar nan da samari ke so? In ka sa, cire shi. Injin nan yana auna iska tun daga bakin filta, duk wadda ka zubar waje an riga an zuba mata mai, ga da yawa daga cikin na arha basa rufewa sosai.

Akwai wanda yafi dacewa da labarinka kuma mutane basa tunawa dashi, tiyon dake kai iska bakin turbo. Na asali roba ne, in ya tsufa kuma turbo na zuƙa da ƙarfi a sama, sai ya lotse ya shaƙe kanshi, da ka ɗaga ƙafa ya koma daidai kamar ba'a yi ba. A gareji ba zaka taɓa kama shi ba sai dai ka matsa shi da hannu yana da zafi ka ji ya yi laushi. Alamarshi bust ya cika lafiya sannan ya faɗi farat ɗaya wajen 4500 ko 5000, ba a hankali ba. Ana canza shi da na silikon mai waya a ciki. Filta da ta toshe na ƙara tsananta shi, kuma kasan yadda hunturu yake mana daga Disamba zuwa Fabrairu, filtar da littafi yace ta yi shekara a nan wata biyu ta cika. Irin wadda ake shafa wa mai kuwa ƙura take kamawa ta zama laka, man kuma ya bi ya ɓata sensar iska. A bulok 003 ka duba giram nawa take karantawa a sama, mota mai doki 150 da ba'a taɓa ba tana kaiwa wajen 120 a sakan, taka ya kamata ta haura haka sosai.

Ɓangaren hayaƙi ma haka. Turbo da bambancin matsi tsakanin gabanshi da bayanshi yake juyawa, in bayan ya toshe ba zai yi gudu ba. Kace ka canza salansa, to tukunyar baya ka canza ko har gaba? In indomin dake tace hayaƙi a cikin bututun na nan kuma ta narke ko ta farfashe ta taru wuri ɗaya, a ƙasa hayaƙi kaɗan ne zai wuce, a sama ta shaƙe. A cire sensar hayaƙi ta gaba a ɗaura geji a ramin, ko a kwance a haska da tocila a gani. Haka in mai walda ya lanƙwasa bututun ya matse a gwiwa. Sannan a duba gaban turbo, manifol da gasket ɗinshi, in akwai baƙin toka a gefe ko kana jin tsit-tsit da safe kafin inji ya yi zafi, hayaƙin da ya kamata ya juya fanka yana gudu tun kafin ya iso.

Yanzu wesget. Ƙofa ce 'yar ƙarama a gidan hayaƙin turbo, sifirin dake cikin gwangwanin nan mai sanda shi ke riƙe ta a rufe. A juyi mai yawa matsin hayaƙi na ƙaruwa yana tura ƙofar, in sifirin ya gaji da zafin shekaru sai ta buɗe da kanta kwamfuta bata ce ba. A sa ɗan famfon hannu mai geji a bakin gwangwanin, sandar ta fara motsi wajen bar 0.3 zuwa 0.4, ta tafi sumul ba cijewa, kuma matsin ya tsaya kar ya zube. In ka kama sandar da hannu tana girgiza, ƙofar bata zauna ba kenan. K03 kuma an san shi da tsagewa a bakin ramin ƙofar, ƙaramar tsaga ba matsala, wadda ta ci mazaunin ƙofar ita ke zubar da hayaƙi. N75 da tiyoyinshi uku a duba ba'a juya su ba, ana yawan yin haka bayan an sauke inji.

Nan zan roƙe ka abu ɗaya tsakani da Allah. Za'a samu wanda zai ce maka a gajarta sandar sosai, ko a cire tiyon gwangwanin gaba ɗaya, ko a sa ɗan bawul na hannu a tsallake N75. Allurar zata hau kam, zaka ji daɗi kwana biyu. Amma ka cire hannun kwamfuta daga kan bust kenan, duk kariyar da na faɗa a sama ta tashi, kuma hawan zai zo ne a ƙasa wajen 3000 inda ƙarfin murɗa yafi yawa, masu harkar injin nan kuwa sun daɗe da sanin kwanrod ɗinshi, sandunan dake riƙe da fistin, na fara lanƙwashewa in an doshi Nm 400. A sama kuma ba abin da zai ƙaru sai zafi. In sifirin ya gaji a canza gwangwanin, a ɗaure shi da ɗan ja kaɗan yadda yake na asali.

Sauran da sauri. Mai: regiletan motarka bar 3 ne kuma yana hawa tare da bust, a bust 1.2 ya kamata layin mai ya nuna 4.2, in yana faɗuwa a sama to famfon tanki ya gaji ko filtar mai dake ƙarƙashi kusa da tanki ta toshe, wannan kuma shi yafi haɗari don yana narkar da fistin. Fulogi: in tana tsinkewa tana tari a sama, a rage bakin zuwa milimita 0.7 a gwada koyil. In kuma allurar juyi na tashi gudu baya ƙaruwa, kuloci ne ke zamewa, inji ya rasa nauyin da zai tura shi yasa bust ke faɗuwa.

Sai duk wannan ya fita lafiya sannan a taɓa turbo. A cire tiyon gaba inji a sanyaye, a kama kan sandar, ɗan motsi gefe da gefe ba laifi muddin fanka bata gogar gida, amma motsi ciki da waje bai kamata ka ji ba. A duba bakin fukafukan ko ƙura ta cinye su, abin da filta mara kyau ke yi kenan a ƙasar nan, turbo irin wannan yana cika a ƙasa ya kasa a sama. In ya tabbata shine, kafin a ɗaura wani a wanke ko a canza bututun dake kai mai baƙin mai, a duba rariyar cikin sam, wato tukunyar baƙin mai ta ƙarƙashin inji, don abin da ya kashe na farko zai kashe na biyu. Baƙin mai 5W-40 na gaske, kuma bayan doguwar tafiya ka bar ta a silo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe.

In kuma komai lafiya, abin da kake so kawai shine ta riƙe 1.3 har 6500, K03 ba zai yi ba ko mi aka mai. Sai K04 da ya fi shi girma ko wanda aka faɗaɗa cikinshi, shi kuma baya tafiya shi kaɗai, yana jan nozul, famfon mai, intakula, kuloci da sabon fayil, kuɗin sai ka zauna ka lissafa.

Ka turo min lambar injin da abin da bulok 115, 118 da 020 suka nuna na safe da na rana, ka gaya min ko faɗuwar a hankali take ko farat ɗaya. Kafin nan, in ba don gwajin ba, kar ka wuce 4500 da rana, kuma a fara da gwajin ruwan sabulun.